Kwali Na Goma Sha Bakwai

Tun kafin Alhaji Garba ya shigo mana da kwalayensa arba'in, akwai abin da yake cina a rai. Wata 'yar Ghana da ke dafa abinci a hawa na tara na benenmu a unguwar Xiaobei ta ƙasar Sin, 'yan sanda suka zo duba fasfo da hantsi, suka tarar bizarta ta ƙare, suka tafi da ita. Ɗanta na goye a hannun maƙwabta aka bar shi kwana goma sha ɗaya. Ni na riƙe shi kwana biyu daga ciki. Ba ya kuka, ƙofa kawai yake kallo. Daga nan duk inda zan je 'yata Ummi tana bayana, fasfo ɗina da nata suna cikin 'yar jaka a wuyana, ko alwala zan fita. Lokacin shekararta biyu ba ta cika ba, ana saura 'yan makonni a fara wasannin Olamfik.

Ku da kuke zuwa yanzu kuna cewa in koya muku ɗaurin kaya, na san abin da kuke gani. Mace a zaune a sito, tana jan salatif tana rubuta suna a kwali. Wata har ce min ta yi, “Anti, ai wannan ko makaho zai yi.” Na miƙa mata kwali biyu na ce ta gaya min wanne ne ya fi nauyi. Ta ce ɗaya suke. Ba ɗaya suke ba.

Kwalin da na fara ɗaurewa a rayuwata na filas ɗin shayi ne. Uwar ɗakina Hajiya Zuwaira, mutuniyar Damagaram ce mai siton tura kaya zuwa Kano da Maraɗi, tana zaune tana kallona. Na leƙa sama na ga filas, na rufe, na ja salatif layi uku kyawawa, ina jiran yabo. Ta taso ta sa reza ta farke shi, ta juye kayan a ƙasa. Ƙarƙashin filas ɗin batura ne jingim, waɗanda ba a yarda su bi jirgin sama ba. Ta ce, “Ɗiyata, kwalin da ba ki ga gindinsa ba, ba ki san shi ba. Mai kaya zai hau jirgi ya tafi gidansu. Ke da kika rufe, ke kina nan.” Wata shida na yi a hannunta ban sake rufe kwali ba sai ta gani.

Kayan aikin ba su da yawa. Sikeli na ƙasa, reza, salatif mai faɗi, tef na awo, alƙalami mai kauri, sai maganaɗisu. Nawa daga cikin lasifikar wata tsohuwar rediyo na ciro shi, na ɗaura masa zare na rataya a ƙugu. Da shi nake gane cokulan da aka ce ba sa tsatsa alhali ƙarya ne, da shi nake jin ƙarfe a cikin kayan da aka ce roba ne. Karatuna aji huɗu ya tsaya, takardun Sinanci kuwa sai Baban Ummi, mijina, da yake ɗalibi ne a jami'a. Amma sikeli ba ya buƙatar karatu. Kwali goma in kaya iri ɗaya ne daga masana'anta ɗaya, nauyinsu ɗaya zai zo. Wanda ya bambanta, akwai abin da yake ɗauke da shi.

Bindigogin wasa su ne kayan da na fi ɗaurewa idan Sallah ta gabato. Na roba, masu ruwa, masu fitila, masu ƙara. Babu wanda ya kai Alhaji Garba saye a cikin masu zuwa daga Kano. Tsohon sufeton 'yan sanda ne da ya yi ritaya ya shiga kasuwa, dogo, mai furfura a gemu, ba ya zama sai ya kakkaɓe kujera. Shi ba saye kawai yake ba, so yake. Zai ɗauki 'yar bindigar roba ya juya ta ya yi tsaki ya ce, “Dubi inda suka sa kunama, kamar wanda bai taɓa ganin bindiga ba.” A falonsa na Kano, ya ce, akwai kabad na gilashi cike da samfurin tsofaffin ƙananan bindigogin da ake kira libarba, masu ganga mai rami shida, waɗanda aka toshe ba sa harbi. Shekara ashirin yana tara su. In tafiya ta kai shi ƙasar da ake da filin harbi na haya, sai ya je ya yi ko harsashi goma sha biyu ne, don kada hannunsa ya manta.

Abin da ya haɗa mu hira shi ne ni ma a bariki na tashi. Babana saje ne, shi ke kula da ɗakin makamai. Ina yarinya nakan kai masa abinci in tsaya daga bakin ƙofa ina kallo yana goge libarba a kan farin ƙyalle. Bai taɓa bari na taɓa ba, amma ido ya ɗauka. Na ga yadda ja ɗaya na kunama yake aiki biyu: 'yar gudumar baya ta ɗaga, ganga ta juya, sannan gudumar ta faɗi. Na ga yana ɗora kwabo a kan bututun wadda ba harsashi, ya ja kunamar a hankali har ta faɗi kwabon bai motsa ba. Na kuma ga ya mari wani kurtu don ya miƙo masa bindiga a rufe. Ya ce ba a miƙa wa mutum libarba sai an buɗe gangar ta fito gefe, ramukan shida suna kallonsa, bakin na ƙasa, ƙota ta riga zuwa hannunsa. Ranar da na faɗa wa Alhaji maganar kwabon, dariya ya yi har da buga cinya. Ya ce, “Kai, 'yar Saje! Ashe gida ne.” Daga nan bai ƙara kirana Maman Ummi ba.

Shekarar ta Olamfik ba ta yi wa kowa daɗi ba a unguwarmu. Biza ta yi wuya, wanda aka saba ba shi wata uku sai a ba shi 'yan kwanaki. Masu zuwa saro suka ragu, shaguna da yawa a kasuwar Sanyuanli aka ja musu ƙofa. A tashar jirgin ƙasa ana duba jaka, a tashar ruwa kuma an ce kowace kwantena sai ta bi ta na'urar da ke ganin ciki. Hajiya Zuwaira ita ma aka ce sai ta koma gida ta sabunta takarda. Ta bar min siton, takardar loda kaya kuma da sunan Baban Ummi da lambar fasfonsa, da yake shi ne mai izinin zama mai tsawo. Da za ta tafi ta ce, “Ki riƙe min Alhaji Garba da kyau. Shi kaɗai ya rage mana mai cika rabin kwantena.”

Ranar, da sassafe aka hawo da kwalayen Alhaji sitonmu a hawa na bakwai. Mota za ta zo ɗauka bayan la'asar, in ta wuce kuma jirgin ruwan ya wuce, kayan ba za su riski Sallah ba. Alhaji ya zauna a kujerarsa yana shan shayi. Ya ce, “'Yar Saje, yau ba sai kin wahalar da kanki ba. Daga masana'anta suke a rufe, ni na tsaya aka ɗaure. Rubuta suna kawai.”

Na ce, “To Baba Alhaji, bari dai in ɗora a sikeli, ba daɗewa.”

Kilo goma sha huɗu da rabi, goma sha huɗu da rabi, haka suka riƙa zuwa. Na sha bakwai na ɗora, allura ta wuce goma sha takwas. Na sauke na sake ɗorawa. Na duba salatif ɗin ƙasansa, na ga ya fi na sauran haske, an ja shi a karkace, ba jan inji ba ne. Na ciro maganaɗisuna na bi gefen kwalin da shi. A sama lilo yake yi. Da na kai ƙasa sai na ji zaren ya ja, ya manne a jikin kwalin.

Alhaji ya ajiye kofi. Ya ce, “Wannan ki bar shi.”

“Baba Alhaji, mene ne a ciki?”

“Kayan wasa ne, na manya.”

Na ce, “Ka yi haƙuri, ranka ya daɗe,” na sa reza. Ƙarƙashin na roba akwai wandunan jins ɗinkin garin Xintang guda huɗu a naɗe. Na warware ɗaya, sanyin ƙarfen ya taɓa hannuna. Libarba ce baƙa wuluk, ƙotar katako mai zane, sak irin ta ɗakin Babana. Ban kai yatsa kusa da kunama ba. Na tura 'yar makullin gefe, ganga ta fito, ramuka shida babu komai. Huɗu ne, kowane wando da tasa.

Sai ga Alhaji ya taso fuskarsa ta sake, kamar mai nuna jikansa. Ya karɓa ya ce, “Duba nan, ki ga aiki. Bututun a toshe yake tun daga masana'anta, ko allura ba ta wucewa. Ba ta harbi, ba za ta taɓa harbi ba. Amma ji kunamar.” Ya mayar da gangar, ya juya bakin ga bango, ya ja a hankali. Guduma ta ɗaga, ganga ta juya, ƙas. Ya ce, “Kin ji? Shekara nawa ina neman mai wannan laushin. Wani tsoho na samu a lungu yana da su. Shekara talatin na yi da kaki, 'yata, na san bindiga na san abin da ba bindiga ba. Wannan ado ne.”

Na ce, “Na yarda, Baba Alhaji. Kai ka sani, ni ma na gani. Na'urar tasha fa? Ita hoto take gani. In ta nuna libarba huɗu a gindin kwalin kayan yara, a naɗe cikin wando, wa zai tsaya leƙa bututu? A nan ko ta ado ce, in ta yi kama da ta gaske haka, laifi ce. Kai jibi kana Kano. Sunan wa ke kan takardar?”

Ya ce, “Allah zai rufa asiri.”

“Amin. Amma ba zan rufe kwalin nan ba.”

“To sai in kwashe kayana in kai wani siton. Ki faɗa wa Hajiya ke kika kore ni.”

Bai rufe baki ba muka ji ƙarar ƙofofin ƙarfe ana ja a hawan ƙasa, ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya zauna a benen ya san wannan ƙarar, 'yan sanda ne suka shigo. Maƙwabciyata mai sayar da mayafai ta leƙo ta ce, “Maman Ummi, sun zo, suna hawa na shida,” ta wuce da sauri. Ummi tana barci a kan kwali da na shimfiɗa mata. Na ɗauke ta na goya, na ɗaure zanin sau biyu.

Alhaji ya fara naɗe bindigogin cikin wandunan. Ya ce, “Maza kawo salatif. Fasfo suke dubawa, ba kaya ba. Mu mayar, su wuce, sai mu san abin yi.”

Gaskiya ya faɗa, yawanci fasfo suke dubawa. Amma a makon sau biyu na ga sun sa an buɗe kwali a hawanmu, kuma wanda salatif ɗinsa yake sabo suke nunawa. Na kira Baban Ummi, ya ce yana cikin jirgin ƙasa, sai nan da minti ashirin. Ya ce, “Kada ki ɓoye komai, kada ki gudu. Ina zuwa.” Layin ya yanke.

Na ce, “Baba Alhaji, in suka samu a ɓoye, mu muka ɓoye. In muka nuna, mu muka nuna. Ba ni.”

Bai ba ni ba, bai kuma hana ni ba. Na zare su daga wandunan, na buɗe gangar kowacce ta fito gefe, na jera uku a kan sikeli bakinsu na kallon bango. Ta huɗun na zura yatsu biyu ta gurbin gangar na rataye ta, baki ƙasa, ƙota gaba, na miƙe hannuna nesa da jikina. Ɗaya hannun na ɗaga fasfo ɗinmu biyu. Na tsaya a tsakiyar sito inda za a gan ni tun daga ƙofa. Ina jin numfashin Ummi a wuyana.

Su biyu ne suka shigo, wani matashi da wani dattijo mai gajeren gashi. Matashin yana ganin abin da ke hannuna ya yi baya ya daka tsawa, hannunsa ya tafi ƙugu. Sinancina na kasuwa ne, ban san yadda ake ce wa ɗan sanda ranka ya daɗe ba. Abin da ya zo bakina shi ne abin da masu shago ke ce wa mai wucewa. Na ce, “Ni hau, lauban. Kan-kan.” Wato sannu maigida, zo ka duba.

Dattijon ya ɗaga wa matashin hannu. Bai kalli fuskata ba, yatsuna ya kalla, ya kalli gangar a buɗe, ya kalli ukun da ke kan sikeli suna fuskantar bango. Ya matso ya karɓa ta ƙota, yadda aka miƙa masa. Ya ɗaga ta saitin fitila ya leƙa, ya zaro biro ya zura a bututun, biron ya tsaya. Ya yi haka da sauran ukun. Sannan ya nuna su, ya nuna ni, ya yi tambaya. Ban ji kalmomin ba amma na gane: na waye?

In na nuna Alhaji, na nuna sa'an mahaifina. In na yi shiru, nawa ne. Ummi ta farka ta fara mutsu-mutsu.

Sai na ji kujera ta motsa. Alhaji Garba ya miƙe tsaye ƙyam, ƙafafu a haɗe kamar a fareti, ya dafa ƙirji ya ce da Hausa, “Nawa ne.” Ya maimaita da Turanci. Ya nuna ni ya girgiza hannu, ya nuna rezar, ya nuna kwalin, ya kwatanta yadda na farke shi. Ya ciro fasfonsa ya ɗora a kan sikelin kusa da su.

Duk da haka sai da aka tafi da mu. Baban Ummi a bakin lifta ya riske mu yana haki, ya shiga motar 'yan sandan tare da mu. Daga azahar har rana ta yi ja muna ofishinsu. Aka tambaye ni sau uku, shi yana fassara: yaushe kayan suka zo, me ya sa na buɗe wannan ban buɗe sauran ba. Na ciro maganaɗisun na nuna, na faɗi nauyin. Aka je aka auna kwalayen aka ga haka ne. Dattijon ya sa a tambaye ni wa ya koya min miƙa bindiga. Na ce Babana, ɗan sanda ne. Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da rubutu. Wata ma'aikaciya ta zo ta miƙo hannu wajen Ummi, na ja baya har na bugi bango. Ashe ruwan ɗumi ta kawo mata a kofin takarda. Ban kwance goyon ba har muka fito.

Alhaji kwana biyu ya yi a wurinsu. Ya kai su lungun da ya saya, aka karɓe huɗun, aka soke bizarsa aka ce ya tafi. Kwalayen arba'in ɗin nan kuwa ɗaya bayan ɗaya aka farke su a gabanmu, mota ta zo ta koma wayam, jirgin ruwa ya tafi. Bindigogin roban sai bayan Sallah suka isa Kano, lokacin da babu yaron da ke nemansu. Kafin Alhaji ya wuce filin jirgi ya biyo ta siton. Bai zauna ba. Ya tsaya yana kallon sikelin, ya ce, “Mai laushin kunamar nan, da kin bari na ƙara ja sau ɗaya.” Ya shafa kan Ummi ya ce, “Saje ya yi tarbiyya. Ni ne na manta tawa.” Bai sake turo kaya ta wurinmu ba.

Hajiya Zuwaira ta dawo bayan an gama wasannin. Na ba ta labari a tsaye, ina jiran faɗa. Ta ce, “Na ce ki riƙe min mutum, kin sa an kore shi daga ƙasar gaba ɗaya.” Sannan ta ce, “Kwali na nawa?” Na ce na sha bakwai. Ta ce, “Sauran ashirin da ukun kin auna?” Na ce ban samu dama ba. Ta ce, “To gobe ki fara da aunawa duka kafin ki sa reza. Da akwai na biyu fa?” Iyakar abin da ta ce ke nan, haka kuma nake yi har yau.

Siton ya sha wuya a sauran shekarar, wasu kwanakin daga ni sai Ummi sai sikeli. Amma kowace yamma ni nake kulle ƙofar da hannuna, da 'yata a bayana, mu tarar da babanta a gida.

Ga roƙona. In kai mai saro ne, ka kawo kaya Xiaobei ko Sanyuanli, ka faɗa wa mai ɗaurewa abin da ke gindin kwalinka tun kafin ta tambaya, ko da kana da tabbacin ba laifi ba ne. In ta ɗauko reza, kada ka ce ta raina ka. Sunan wani ne a takardar, kuma mai wannan sunan yana da yara. In kuma ke mai son koyon aikin ce, ki nemo maganaɗisunki kafin ki zo, kada ki rufe kwalin da ba ki ga gindinsa ba, ko na mahaifinki ne.